Babi na Huɗu: Wa Zai Ɗauki Nauyin Baƙo?

A ranar 14 ga Janairun 2019 mayaƙan Boko Haram suka afka wa garin Rann, hedikwatar ƙaramar hukumar Kala-Balge a gabashin jihar Borno. Garin dama cike yake maƙil da mutanen da rikici ya koro daga ƙauyukansu, suna zaune cikin bukkokin tamfol da na ciyawa. Aka cinna wa rumfuna wuta, jama'a suka watse. Kimanin mutum 9,000 suka nufi gabas a ƙafa, da goyo da tsofaffi, suka tsallaka cikin Kamaru. Ba su ko huta gajiyar tafiya ba aka tisa ƙeyarsu zuwa inda suka fito. Filippo Grandi, shugaban Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ya fito fili ya roƙi Kamaru ta daina.

Kafin watan ya ƙare sojojin da ke tsaron Rann suka janye. Fiye da mutum 30,000 suka sake kwasar ƙafa zuwa ƙauyen Goura a ɓangaren Kamaru. Waɗanda suka rage a gari, ko suka koma ɗauko kaya, an ritsa da su ranar 28 ga wata, ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 60 aka kashe. A cikin wannan makon ne wakilan Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka zauna a Abuja suna sabunta alkawarin da suka ɗauka tun 2016, cewa ba za a mayar da mai neman mafaka dole ba. Zuwa ƙarshen Fabrairu an gaya wa mutanen Goura su koma gida, dubun-dubatarsu suka koma.

Abin da ya faru a Rann ya saɓa wa doka, dokar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Kamaru ta sa hannu a kanta, haka Najeriya, haka Nijar da Cadi. Abin tambaya shi ne me ya sa doka mai wannan ƙarfi take karyewa a bakin iyaka. Amsar tana cikin yadda aka gina ta tun farko.

A watan Yulin 1938 ƙasashe 32 suka hallara a garin Ebiyan na Faransa, bisa gayyatar shugaban Amurka Roosevelt, don duba halin Yahudawan da ke neman fita daga Jamus da Ostiriya. Wakili bayan wakili ya miƙe ya nuna tausayi, sannan ya kawo dalilin da ya sa ƙasarsa ba za ta iya ƙara karɓar kowa ba. Jamhuriyar Dominika ce kaɗai ta yi tayin da za a kira tayi. Ba a cika shekara ba jirgin ruwan St. Louis ya tashi daga Hambog da fasinjoji 937. Kyuba ta hana kusan dukkansu sauka, Amurka ta ƙi su, Kanada ma haka. Jirgin ya juya Turai, inda Birtaniya da Faransa da Beljiyam da Holan suka raba su. Da yaƙi ya ci ƙasashen nan uku na ƙarshe, 254 daga cikin fasinjojin suka mutu a kisan kiyashin 'yan Nazi.

Da wannan kunyar a zukata aka rubuta Yarjejeniyar Jeniba ta 28 ga Yulin 1951. Ta fayyace wane ne ɗan gudun hijira: mutumin da ke wajen ƙasarsa saboda tsoro mai tushe na tsangwama a kan launin fata, ko addini, ko asalin ƙasa, ko ra'ayin siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na al'umma. Ta ba shi haƙƙin zuwa kotu, da sa 'ya'yansa a makaranta, da neman aiki, da takardar tafiya. Ƙashin bayanta shi ne sashe na 33, wanda ya hana kowace ƙasa mayar da shi inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Da farko ta tsaya ne kan abubuwan da suka faru kafin 1951, har an ba ƙasashe zaɓin taƙaita ta ga Turai kawai. Ƙarin yarjejeniya ta 1967 ce ta buɗe ta ga duniya baki ɗaya.

To amma akwai giɓi, kuma waɗanda suka rubuta ta sun san da shi. A gabatarwar yarjejeniyar sun amince cewa ba da mafaka na iya ɗora wa wasu ƙasashe nauyin da ya fi ƙarfinsu, kuma ba za a warware matsalar ba sai da haɗin kan ƙasashe. Suka faɗi haka, suka wuce. Ba sashe ko ɗaya da ya wajabta wa ƙasa mai nisa ta ba da sisin kwabo ko ta karɓi mutum guda. Wajibin duka ya faɗa kan ƙasar da mai gudu ya fara taka wa, wato maƙwabciya. Shi mai gudu ba ya zaɓen ƙasa mai arziki. Inda ƙafarsa za ta iya kai shi kafin dare nan yake zuwa.

Alƙaluman UNHCR suna nuna sakamakon. A ƙarshen 2024 mutanen da aka raba da muhallansu a duniya sun kai kimanin miliyan 123, galibinsu a cikin ƙasashensu. Cikin waɗanda suka tsallake iyaka, wajen kashi biyu cikin uku suna ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu suna ƙasashe matalauta ko masu matsakaicin ƙarfi. Waɗanda ake ɗauka a sake tsugunar da su a wata ƙasa ta uku ba sa kai ɗaya cikin ɗari a shekara.

Afirka ta zo da tata dokar a ranar 10 ga Satumban 1969, lokacin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da yarjejeniyarta a Adis Ababa. Shugabannin wancan zamani sun ga 'yan Aljeriya sun kwarara Tunisiya da Maroko, sun ga 'yan Ruwanda tun 1959, sun ga masu guje wa mulkin Fotugal da wariyar Afirka ta Kudu. Sun san mutanen nan ba sa zuwa ɗaya-ɗaya da takardar shaidar an tsangwame su, gari guda ne ke tashi a dare ɗaya. Don haka suka faɗaɗa ma'anar ta haɗa da duk wanda mamaya, ko mulkin baƙi, ko wani tashin hankali mai tsanani ya kora, ko da a wani yanki ne kawai na ƙasarsa. Suka ce ba da mafaka aikin jinƙai ne, kada wata ƙasa ta ɗauke shi a matsayin gaba. Suka hana korar mutum tun daga bakin iyaka, suka kuma shar'anta cewa komawa gida sai da yardar mai komawa. A ganina wannan takarda tana cikin mafi kyawun abin da shugabannin Afirka suka taɓa rubutawa, kuma abin takaici ne yadda 'yan makarantarmu ke gama sakandare ba su taɓa jin labarinta ba.

Ga mai karatun da ya tashi da tarihin Musulunci, wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce. Da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, Ƙuraishawa sun tura Amru ɗan Asi da abokin tafiyarsa da kyaututtuka, har suka fara bi ta kan fadawa, don a damƙa musu mutanen ba tare da dogon zance ba. Najjashi, sarkin Habasha, ya ƙi, ya ce sai ya ji ta bakinsu. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi bayani, sarki ya mayar wa manzannin kyautarsu, baƙi suka ci gaba da zama. Duk tsarin neman mafaka na yau, da tambayoyinsa da kotunansa, a kan wannan yake tsaye: a saurari mutum kafin a yanke hukuncin mayar da shi. Mutanen Rann ba wanda ya saurare su.

Sai dai ita ma yarjejeniyar 1969 ta tsaya a inda ta Jeniba ta tsaya. Ta ce ƙasar da nauyi ya yi wa yawa tana iya kai kuka ga 'yan'uwanta, su kuma su rage mata cikin zumuncin Afirka. Kuka ne ake kaiwa, ba bashi ake bi ba.

Mu dubi Kamaru da idon adalci. Jihar Arewa Mai Nisa, inda 'yan Najeriya suka shiga, ita ce mafi talauci a ƙasar. A 2013 aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo, aka fara da mutane kaɗan daga yankin Gwoza. Da Bama da Banki da Gwoza suka faɗi a 2014 sai sansanin ya tumbatsa, daga baya mazaunansa suka haura 70,000, ya zama gari a tsakiyar ƙasa mai duwatsu da ƙarancin ruwa. Mata kan yi tafiya mai nisa neman itace, itatuwan yankin suka ƙare, 'yan ƙasa suka fara ƙorafi, har sai da aka shiga dashen itatuwa da yin gawayi daga ɓawon gyaɗa da karan hatsi. Daga 2015 kuma bama-bamai suka fara tashi a Fotokol da Marwa da Kolofata, wasu a jikin 'yan mata ƙanana. Sojan da aka ajiye a iyaka, wanda ya binne abokan aikinsa, ya fara kallon duk mai tsallakowa da zargi. Hukumomi suka ɗauki matsayin cewa wanda ke cikin Minawao shi ne ɗan gudun hijira, wanda aka samu a ƙauyukan iyaka kuwa bai da tabbas.

Ranar 2 ga Maris ɗin 2017 Kamaru da Najeriya da UNHCR suka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar cewa ba za a mayar da kowa ba sai da son ransa, cikin aminci da mutunci. A cikin watan nan UNHCR ta ce an riga an mayar da fiye da mutum 2,600 dole tun farkon shekarar. A watan Yuni aka loda mutum 887 a manyan motoci aka sauke su a Banki, garin da ba shi da isasshen ruwa ko matsuguni. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta waɗanda aka kora tun 2015 sun kai 100,000. Gwamnatin Kamaru ta musanta.

Ina sauran duniya take a lokacin? Tana wurin taro. A Oslo a Fabrairun 2017 an yi alkawarin dala miliyan 672 ga yankin Tafkin Cadi, a Barlin a Satumban 2018 an yi na fiye da dala biliyan biyu. Kuɗi ne masu yawa a kunne, kuma wasu sun iso, sun ceci rayuka. Amma an raba su ga ƙasashe huɗu, ga miliyoyin mutane, cikin shekaru da dama, kuma shekara bayan shekara abin da ke shigowa asusun agajin Kamaru ba ya kusantar abin da aka nema. Mai zaune a Mokolo zai ce an daɗe ana gafara sa, bai ga ƙaho ba. Ita kanta UNHCR kusan dukkan kuɗinta gudummawar ganin dama ce. Ɗan abin da take samu daga kasafin Majalisar Ɗinkin Duniya bai taka kara ya karya ba, sauran sai abin da Amurka da Jamus da Tarayyar Turai da 'yan wasu ƙasashe suka ga damar bayarwa. Hukumar da ke rayuwa a kan roƙo, kuma take aiki da izinin gwamnatin da ta karɓe ta, iyakarta ta fitar da sanarwar nuna damuwa.

Wannan bayani ne, ba uzuri ba. Talauci bai halatta a tura mace da goyo cikin garin da ake ƙonawa ba. Kuma kada ɗan Najeriya ya yi saurin nuna yatsa. A Janairun 2018 Najeriya ta miƙa wa Kamaru mutum 47, ciki har da Sisiku Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren yankin masu magana da Ingilishi, alhali yawancinsu sun nemi mafaka. Babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a 2019 matakin ya saɓa wa doka, amma a shekarar ce kotun soji a Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da wasu mutum tara ɗaurin rai da rai. Nijar ma a Mayun 2015, bayan harin tsibirin Karamga, ta kwashe mazauna tsibiran tafkin cikin gaggawa, dubban 'yan Najeriya suka tsinci kansu a hanyar Geidam.

Ba wai duniya ba ta iya raba nauyi ba ne. A ƙarshen 1956 kimanin mutum 200,000 suka gudu daga Hungari bayan tankokin Tarayyar Sobiyat sun shiga Budafes, wajen 180,000 suka faɗa Ostiriya. Cikin 'yan watanni jiragen ƙasa da na sama suka fara kwasar su, ƙasashe 37 suka raba su. A Maris ɗin 2022, kwanaki kaɗan da fara yaƙin Yukiren, Tarayyar Turai ta ba miliyoyin mutane izinin zama da aiki da makaranta ba tare da kowa ya tsaya gaban alƙali ba. Abin yabo ne, haka ya kamata a yi. Amma dokar da aka yi amfani da ita tana nan tun 2001, ba a taɓa ta ba a 2015 lokacin da 'yan Siriya ke nutsewa a teku. A waccan shekarar an amince a raba mutum 160,000 daga Italiya da Girka, aka ƙare da wajen 35,000, kuma kotun Tarayyar ta samu Folan da Hungari da Jamhuriyar Cek da laifin ƙin bin umarni.

Daga nan haɗin kan ya sauya fuska, ya koma biyan wani ya tsare maka ƙofa. A Maris ɗin 2016 Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya, kan kuɗin da ya kai yuro biliyan 6. A 2017 Italiya ta ƙulla da Libiya, ana ba masu gadin tekunta jirage da horo, suna mayar da mutane gidajen tsare da kowa ya san abin da ake yi a cikinsu. A ƙarshen wannan shekarar Nijar ta yarda a riƙa kwaso wasu daga Libiya ana ajiye su a Yamai, daga baya a Hamdallaye, kafin ƙasashen Yamma su ɗauke su. Ba a jima ba ta dakatar da shirin na wani lokaci a 2018, domin masu shigowa sun fi masu fita, waɗanda suka yi alkawarin ɗauka suna jan ƙafa. Birtaniya ta ƙulla da Ruwanda a 2022 don tura masu neman mafaka can. Kotun ƙolinta ta haramta shirin a Nuwamban 2023, sabuwar gwamnati ta soke shi a 2024, ta ce ya ci fam miliyan 700, mutum huɗu ne kacal suka tafi, su ma da son ransu. Jami'in Kamaru ko na Kenya yana kallon duk wannan. Idan jakadan Turai ya zo yi masa wa'azi a kan sashe na 33, ya san amsar da zai ba shi.

A Disamban 2018 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sabuwar yarjejeniya kan raba nauyin 'yan gudun hijira, ƙasashe 181 suka goyi baya, Amurka da Hungari suka ƙi. Manufofinta masu kyau ne, amma ta faɗa da bakinta cewa ba ta wajabta wa kowa komai ba.

Wanda ke son ganin inda ake ba da mafaka ta gaskiya ya je jihar Maraɗi. Daga 2019 'yan bindiga suka fara tayar da ƙauyuka a Sabon Birni da Isa da wasu sassan Zamfara da Katsina, dubun-dubatar mutane, galibi mata da yara, suka tsallaka zuwa yankunan Gidan Rumji da Madarunfa. Ba sansani suka tarar ba. Mai gari ne ke tara masu gidaje, a ce wane ka ɗauki biyar, wane ka ɗauki goma. A share zaure, a kwashe kaya daga ɗakin amarya, tukunyar da ake ɗora wa mutum takwas ta koma ta ashirin. Geron da magidanci ya lissafa zai kai shi faɗuwar damina ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba, layin rijiya ya ninka, ɗakin shan magani mai ma'aikaci ɗaya ya cika da yara masu zazzaɓi. Duk wannan ya faru kafin motar wata hukuma ta iso da takardar rajista.

Mutanen nan dangi ne. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri tsatso ɗaya ne, ita kanta Maraɗi Katsinawan da jihadin ƙarni na 19 ya koro ne suka kafa sarautarta, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Ga kuma amfanin dokar 1969 a fili: ɗan bindigar daji ba ya tambayar addininka ko jam'iyyarka, shanu da kuɗin fansa yake nema, don haka da ma'anar Jeniba kaɗai za a bi da an sha gardama. Nijar ta karɓe su a dunƙule a matsayin 'yan gudun hijira. Sannan ita da UNHCR suka guji kafa sansani, suka zaɓi faɗaɗa wasu ƙauyuka da ke nesa da iyaka, irin su Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Dajin Makau, inda famfo da makaranta da asibiti suke na baƙo da ɗan gari tare. Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta dace, kuma Bankin Duniya ya fara bin ta da ya ware dala biliyan 2 a 2017 don ƙasashe matalauta masu karɓar baƙi, ciki har da Nijar da Cadi da Kamaru. Idan ɗan gari ya ga zuwan baƙo ya kawo masa rijiyar burtsatse, zai yi wuya ya goyi bayan a kore shi. Idan kuwa buhun abinci ya wuce ta ƙofarsa zuwa gidan baƙon da shi ya ciyar wata shida, zumunci ma yana da iyaka.

Irin wannan tsari kuɗi yake so na shekaru, kuɗin kuwa ja da baya yake yi. A 2025 Amurka ta zabtare tallafinta, wasu ƙasashen Turai suka rage nasu, UNHCR ta sanar da rage dubban ma'aikata. Hakan ya zo ne lokacin da Cadi ke ɗauke da 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya, bayan yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya mai da ƙaramin garin Adre matattarar mutanen Darfur da suka ninka 'yan garin sau da yawa.

Ƙarancin kuɗi yana shafar har batun komawa gida. Tun 2021 gwamnatin Borno ƙarƙashin Babagana Zulum take kwaso mutane daga Minawao zuwa Banki da Bama, ta kuma nemi dawo da waɗanda ke Diffa ta Nijar zuwa garuruwa irin su Malam Fatori, ana ba su gida da ɗan jari. Da yawa suna son komawa da gaske, ba wanda zai so ya tsufa a layin karɓar abinci. Amma idan an rage rabon hatsi a sansani sau biyu sau uku, sannan aka zo da takarda ana tambayar wa ke son tafiya, sai a yi hattara da kiran wannan son rai. Garuruwan da ake komawa galibi an zagaye su da rami, soja na tsaron ƙofa, gonar da mutum ya yi shekaru yana mafarki tana can waje inda ba a zuwa sai da kasada. Wasu daga cikin waɗanda aka mayar sun sake tsallakawa. Sun riga sun miƙa katinsu na ɗan gudun hijira ranar da suka hau mota, don haka sai su sake neman rajista daga farko, a wurin hukumar da ma'aikatanta suka ragu.